Kundin aiki: tattara waƙoƙin Japan don kunnen Bahaushe

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a bana shi ne in haɗa jerin waƙoƙin pop da rock na Japan da zan iya tura wa Bahaushen da bai taɓa zama ya saurari mawaƙin ƙasar ba, ya ji, ya ce a ƙara masa. Ba jerin waɗanda suka fi shahara nake nufi ba, wannan ko yanzu ka nema a intanet za ka samu. Ina son jerin da aka gwada a kunnen mutanenmu.

Kowace waƙa za ta shiga da bayani huɗu: wanda ya rera ta, shekarar da ta fito, abin da take faɗa a taƙaice, da irin mutumin da ya dace a fara ba shi ita. Na huɗun nan shi ne aikin, sauran kwafa ce kawai.

Masu gwajin nawa uku ne. Akwai ƙanena, wanda ya girma a gaban katun ɗin Japan, ya haddace waƙoƙin buɗe shiri ba tare da ya san sunan mawaƙi ko ɗaya ba. Akwai yayata, wadda in ba waƙar Indiya ba ce ko ta fim ɗin Hausa, to a wajenta hayaniya ce. Sai wani abokina mai shagon tura waƙoƙi da finafinai a waya, wanda sana'a ta koya masa gane waƙar da za ta tafi tun kafin a kai amshi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, Japan ce kasuwar waƙa ta biyu mafi girma a duniya, Amurka kaɗai ke gabanta, amma a nan in ka ce matashi ya kawo mawaƙan Koriya ta Kudu zai ce BTS nan take, na Japan kuwa sai ya yi shiru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kasuwarsu ta cikin gida ta ishe su. Sun yi shekaru suna sayar wa mutanensu faifan CD da tsada, kamfanoninsu kuma suna kaffa-kaffa da sakin waƙa a intanet. Koriya kasuwarta ba ta kai ta Japan ba, dole ta leƙa waje. Shi ya sa waƙar Japan sai da tono, kuma abin da ka tono an yi shi ne don kunnen Bajapane, ba a sassauta shi don baƙo ba. Ni wannan ɗin ne ma ya ja ni.

19 ga Janairu

Na fara ta ƙofar da take a buɗe, wato katun. Na sa ƙanena ya rera mini waɗanda ya tuna daga Naruto, ni kuma ina nemo masu su. Uku suka tsaya: "Haruka Kanata" ta Asian Kung-Fu Generation daga 2002, "Blue Bird" ta Ikimonogakari daga 2008, da "Silhouette" ta KANA-BOON daga 2014. Da na kunna masa cikakkiyar ta farkon sai ya ce, "Yaya, ashe waƙar tana da ci gaba?" Bai taɓa jin abin da ya wuce minti ɗaya da rabi ba.

Wannan minti ɗaya da rabin yana da labari. Filin waƙar buɗe shiri a talabijin ɗin Japan kusan daƙiƙa 90 ne, don haka mawaƙi dole ya cusa komai a ciki: baitin farko mai sanyi, sai ɗan sashe na biyu da ke ɗaga murya yana jan rai, sai amshi ya faso, wanda su suke kira sabi. Wannan sashe na tsakiya shi ne abin da kunnena ya fi lura da shi. Waƙoƙin Amurka na yanzu sukan ɗauki haɗin sauti guda su yi ta juya shi daga farko har ƙarshe. Japanawa ba sa haƙuri da haka. Sukan sauya hanya sau da yawa a cikin waƙa ɗaya, wani lokaci su ɗaga maƙogwaro gaba ɗaya a amshin ƙarshe.

Kuma waɗannan ba mawaƙan katun ba ne kamar yadda ƙanena ya ɗauka. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da kundaye da yawa. Tsarin kasuwar ne haka, kamfani yakan haɗa sabuwar waƙa da wani shiri ko wasan kwaikwayo ko talla, shirin ya tallata waƙar, waƙar ta tallata shirin. Asian Kung-Fu Generation sun haɗu tun 1996 suna ɗaliban jami'a a Yokohama, kafin a fara nuna Naruto da shekaru.

Hukuncin yau: duk wanda ya san katun, a fara masa da abin da ya sani, sannan a ja shi zuwa sauran waƙoƙin ƙungiyar. Yayata kuwa ta saurari rabin "Silhouette" ta miƙo mini wayata.

2 ga Fabrairu

Don yayata na koma baya sosai, kuma a nan aka dace.

Na fara mata da "Ue o Muite Arukō" ta Kyu Sakamoto, wadda ta fito a 1961. Labarin mutum ne da ke tafiya shi kaɗai da dare yana kallon sama don kada hawayensa ya zubo. A watan Yunin 1963 ta hau kan teburin Billboard na Amurka, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe, ta yi mako uku, kuma har yau babu wata waƙar Japananci da ta sake hawa wannan matsayi. A can an sa mata suna "Sukiyaki", sunan wani abinci da babu ruwansa da waƙar. Sakamoto ya rasu a hatsarin jirgin saman Japan na ranar 12 ga Agusta, 1985, wanda ya ci rayuka 520. Yayata ta ce a sake sa mata, musamman wajen da yake fito da baki.

Daga nan na gwada ta da Hibari Misora, wadda ake ɗauka sarauniyar enka, wato waƙoƙin kewa da rabuwa da shan wahala na tsofaffinsu. Na zaɓi "Kawa no Nagare no Yō ni", wadda ta fito a farkon 1989, watanni kaɗan kafin rasuwarta tana da shekara 52. Waƙa ce da ke kwatanta rayuwa da tafiyar kogi. Abin da yayata ta ce shi ne, "Wannan matar ta iya karya murya." Ta kama abin daidai. Mawaƙan enka suna da salon lanƙwasa sauti ɗaya su zagaya shi kafin su sauka, kuma kunnen da ya saba da mawaƙan Indiya ba ya jin baƙunta a wajen.

Akwai wani dalilin kuma. Yawancin enka an gina shi ne a kan matakan sauti biyar, an cire na huɗu da na bakwai daga bakwai ɗin da fiyano ke bi. Kiɗan Sudan da na Habasha da da yawa daga cikin namu na gargajiya a kan biyar suke tafiya. Abokina mai shago da ya ji wata enka ta namiji sai ya ce ya rantse da an ce masa ta Habasha ce zai yarda.

Enka ba pop ba ne, ba rock ba ne, amma zan sa guda biyu a jerin. In ba ta nan ba, akwai mutanen da ba za su shigo ba sam.

15 ga Fabrairu

Wannan zangon duk a kan city pop na yi shi, kiɗan birni na ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa. Zamanin da Sony ta fito da Walkman ne a 1979, motoci suna da rediyo mai kaset, kamfanonin waƙa kuma suna iya ɗaukar ƙwararrun makaɗa da masu busa su zauna a sutudiyo har sai abu ya yi. Ana jin kuɗin a cikin sautin. Wanda ya taso yana jin disko da soul na Amurka a rediyo zai gane dangin kiɗan nan take.

Biyu ba sa buƙatar shawara. "Plastic Love" ta Mariya Takeuchi ta fito a 1984 a kundinta Variety, ba ta yi wani tashe ba a lokacin. A 2017 wani ya ɗora ta a YouTube ba da izini ba, manhajar ta yi ta tura wa mutane ita, ta zagaye duniya bayan fiye da shekara 30. Kiɗan na rawa ne, maganar kuwa ta macen da soyayya ta ƙona ce, ta koma tana wasa da zukatan maza don kada a sake yi mata. Ta biyu "Mayonaka no Door" ta Miki Matsubara, waƙarta ta farko a 1979 tana da shekara 19. Ita kuma a ƙarshen 2020 ta farfaɗo, bayan wata mawaƙiya 'yar Indunusiya mai suna Rainych ta sake rera ta, TikTok kuma ya ɗauka. Matsubara ba ta ga wannan ba, ta rasu tun 2004.

Abokina ya tura su biyun a wayoyin wasu masu zuwa shagonsa a matsayin gyara. Ya ce ta Matsubara ce aka dawo ana tambaya, kuma a ganinsa saboda amshin yana farawa da kalmomin Turanci ne da mutum zai iya kamawa ya bi. Na rubuta wannan, domin zai yi amfani wajen jera waƙoƙin.

Matsalar ita ce Tatsuro Yamashita, mijin Takeuchi, wanda shi ya tsara kiɗan "Plastic Love" kuma shi ne uban tafiyar gaba ɗaya. Kundinsa For You na 1982 da waƙarsa "Ride on Time" ta 1980 su ne ma'aunin da ake auna sauran. Amma mutumin ya ƙi sakin yawancin waƙoƙinsa a manhajojin sauraro, kuma a 2022 ya faɗa a wata hira cewa da wuya ya taɓa yi. Ra'ayinsa shi ne ribar tana tafiya ga waɗanda ba su suka yi waƙar ba. Ina girmama dalilinsa, sai dai ni ya bar ni da giɓi. Ba zan ba mutum shawarar waƙar da ba zai same ta ta halastacciyar hanya ba. A madadinsa na sa Anri daga kundinta Timely!! na 1983, da Taeko Onuki daga Sunshower na 1977, sai "Midnight Pretenders" ta Tomoko Aran, wadda The Weeknd ya ɗauki kiɗanta ya gina "Out of Time" a 2022. Wannan ta ƙarshen tana da sauƙin tallatawa, ka kunna tasa, ka kunna tata, ka yi shiru.

23 ga Fabrairu

Duk zaren da na ja a city pop sai ya kai ni ga ƙungiya ɗaya, Happy End, don haka na zauna na bi tarihinta.

Jitar lantarki ta kama matasan Japan bayan zuwan The Ventures a 1965. A 1966 The Beatles suka yi wasa a zauren Budokan, wanda aka gina don gasar judo ta Olamfik ɗin 1964, har masu ra'ayin riƙau suka yi bore cewa an ɓata wuri mai daraja. Bayan haka ƙungiyoyi suka yi ta fitowa. Zuwa farkon shekarun 1970 sai gardama ta tashi a mujallu: shin rock zai yiwu da Japananci? Yuya Uchida, wanda ke bayan Flower Travellin' Band, yana ganin harshen bai hau kan bugun ba, kuma mai son duniya ta ji shi sai ya yi da Turanci. Happy End, wato Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki da Shigeru Suzuki da Takashi Matsumoto, suka tsaya a kan harshensu. A 1971 suka fitar da Kazemachi Roman, wanda mujallar Rolling Stone ta Japan ta sa a lamba ɗaya cikin kundayen rock na ƙasar a 2007.

Wanda ya tuna lokacin da ake ce wa matasanmu masu hip-hop Hausa ba za ta hau wannan kiɗan ba, zai ji gardamar ba baƙuwa ba ce.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, amma dubi inda mutanenta suka bi. Hosono ya kafa Yellow Magic Orchestra (YMO) a 1978 tare da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi, waɗanda dukansu biyu suka rasu a farkon 2023. Ohtaki shi ya fitar da kundin Sugar Babe a 1975, ƙungiyar da Yamashita da Onuki suka fito daga cikinta. Matsumoto ya ajiye ganga ya koma rubuta waƙa, ya rubuta fiye da 2,000, ciki har da manyan waƙoƙin Seiko Matsuda. Na sa "Kaze wo Atsumete" a jerin, amma can ƙasa. Waƙa ce mai sanyi da sai kunne ya saba ake jin daɗinta. "Rydeen" ta YMO kuwa ba ta da magana ko ɗaya, ƙanena ya ce kiɗan gem ne, ya kuma ajiye ta a wayarsa.

28 ga Fabrairu

Azumi ya zo. Na rufe aikin sai bayan Sallah.

6 ga Afrilu

Na dawo da abin da yanzu nake ganin shi ne ginshiƙin aikin, wato ma'ana.

Bahaushe mai sauraron magana ne. Ko kiɗa ya kai inda ya kai, tambayar farko ita ce me yake cewa. Yayata ba ta taɓa barin waƙa ta ƙare ba tare da ta yi wannan tambayar ba. To waƙoƙin Japan na zamanin nan suna da wata ɗabi'a ta ɗora magana mai nauyi a kan kiɗa mai annashuwa, kuma wanda ba ya jin harshen ba zai taɓa zato ba.

Misali mafi girma shi ne "Yoru ni Kakeru" ta YOASOBI, ƙungiyar mutum biyu, Ayase mai tsara kiɗa da ikura mai rerawa, waɗanda tsarinsu shi ne su ɗauki gajeren labari su mai da shi waƙa. Ta fito a ƙarshen 2019, ta zama waƙar shekara a teburin Billboard na Japan a 2020. Fiyano ne mai gudu da murya mai zaƙi, irin wadda za ka sa a mota. Labarin da aka gina ta a kansa kuwa na kisan kai ne, saurayi da budurwa a saman bene. Har YouTube ta sa wa bidiyon iyakar shekaru. Ba zan cire ta ba, waƙa ce da ta sauya kasuwarsu, amma ba za ta tafi wayar kowa ba sai da wannan bayanin a gabanta, kuma ba zan tura wa yaro ba.

"Usseewa" ta Ado, wadda ta fito a Oktoban 2020 mawaƙiyar tana da shekara 17, tsawa ce ga manya da al'adun ofis, irin su zuba wa shugaba abin sha da bin ƙa'idojin da ba wanda ya san amfaninsu. A Japan ma iyaye sun koka da yara suna maimaita ta. Muryar Ado abin mamaki ce, kuma ta yi suna da ɓoye fuskarta. Amma don jerin na zaɓi wata tata mai laushi daga fim ɗin One Piece na 2022.

A ɗaya gefen akwai "Lemon" ta Kenshi Yonezu, 2018, wadda da zarar na faɗi abin da take nufi sai ta ƙara shiga. Waƙar rashi ce. An ba shi aikin rubuta ta don wani wasan kwaikwayo na likitocin binciken gawa, yana cikin rubutun kakansa ya rasu. Ta riƙe matsayin waƙar shekara sau biyu a jere, 2018 da 2019. Ita ce waƙa ta farko da masu gwajina uku suka yarda da ita baki ɗaya.

Abin lura a nan: Yonezu da Ayase da wanda ya rubuta wa Ado waƙarta duk daga wuri ɗaya suka fito, wato duniyar Vocaloid, manhajar kwamfuta mai rera abin da ka rubuta mata, wadda Hatsune Miku ta 2007 ta fi shahara a cikinta. Matasa ne da suka koyi tsara waƙa a ɗakunansu don muryar da ba ta numfashi ba ta gajiya. Shi ya sa waƙoƙinsu suke da gudu da tsalle-tsallen sauti da ke wahalar da ɗan Adam.

Daga yau layin ma'ana ya koma sama da sunan mawaƙi a kowane bayani, kuma ba na rubuta shi sai na gwada fassara fiye da ɗaya.

20 ga Afrilu

Rock na gaske. A nan masu gwajina suka rabu.

X Japan, ƙungiyar Yoshiki da Toshi, abokai tun yarinta daga lardin Chiba, su ne suka buɗe salon da ake kira visual kei, na gashi a tsaye da kwalliyar fuska da tufafi masu ban tsoro. Na gane cewa a nan bidiyo yana kashe waƙa. Abokina ya ga hoton ya ce, "Mutumina, waɗannan maza ne kuwa?" daga nan bai ƙara jin komai ba. Bayan kwanaki na tura masa "Endless Rain" ta 1989 sauti kawai, fiyano da murya mai kuka, ya ce ta yi. Ita ce dai ƙungiyar. Don haka doka: wannan ɓangaren sauti zalla za a tura, wanda ya so ya ga fuska ya nema da kansa. "Art of Life" ta 1993 minti 29 ce, ba ta shiga, ko don data.

The Blue Hearts sun fi sauƙi. "Linda Linda" ta 1987 tana farawa a hankali sannan ta ɓarke, amshin kuma suna ɗaya ne ake ta maimaitawa, kowa zai iya. B'z sun fi kowa sayar da faifai a tarihin Japan, mai kaɗa musu jita Tak Matsumoto har Grammy ya ci a 2011, amma ni dai na saurara na saurara ban ji abin da Amurkawan zamaninsu ba su yi ba. Shahara ba ta isa dalili ba, na bar su a waje. Gara Spitz da "Robinson" ta 1995, wadda jitarta ke kama mutum tun daga buɗewa.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne Fishmans. Tushensu reggae ne da dub, muryar Shinji Sato siririya kamar ba ta namiji ba. Abokina mutumin Lucky Dube ne, ya ji bugun bes ɗin ya gyara zama. Sato ya rasu a 1999 yana da shekara 33.

4 ga Mayu

Okinawa ta cancanci sashe nata. Tsibiran kudu ne masu harshensu da kiɗansu, sun kasance a hannun Amurka daga ƙarshen yaƙi har 1972. Abin kiɗansu sanshin, tsirkiya uku da ƙoƙon da aka rufe da fatar maciji. Abokina ya ji shi ya ce molo ne ya je ƙasar waje.

Na ɗauki biyu. "Shima Uta" ta THE BOOM, wadda ta fara fita a Okinawa a 1992 sannan ƙasa baki ɗaya a 1993. Kazufumi Miyazawa da ya rubuta ta ba ɗan tsibirin ba ne, ya yi ta ne bayan ya ziyarci gidan tarihin 'yan matan makaranta da aka sa aikin jinya a yaƙin 1945, da yawansu suka mutu. A sama kamar waƙar rabuwar masoya, a ƙasa makoki ne. Ta biyu "Nada Sōsō" a muryar Rimi Natsukawa, 2001. Ryoko Moriyama ce ta rubuta kalmomin tana tuna yayanta da ya rasu yana matashi, ƙungiyar BEGIN ta sa kiɗa. Yayata ta ɗora ta sama da ta Hibari.

18 ga Mayu

Hikaru Utada ta shiga ba gardama. Kundinta First Love ya fito a Maris 1999 tana da shekara 16, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 7 a Japan, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. An haife ta a New York, mahaifiyarta Keiko Fuji mawaƙiyar enka ce, ita kuma da R&B ta taso. Ana jin duka biyun.

Inda na tsaya tunani shi ne ƙungiyoyin samari da na 'yan mata da kamfanoni ke ƙerawa. In ka bi teburin Oricon, mai ƙidayar cinikin faifai a Japan, na shekarun 2010 za ka ɗauka babu kowa a Japan sai AKB48 da yaran kamfanin Johnny's. Amma AKB48, wadda Yasushi Akimoto ya kafa a 2005, tana saka tikitin gaisawa da mawaƙiya da takardar zaɓe a cikin faifai, mutum ɗaya ya sayi tuli. Adadin yana nuna son mawaƙiyar ne, ba na waƙar ba. Don wannan zamanin na koma duba teburin Billboard na Japan, wanda ke haɗa sauraro a intanet da rediyo. Abin dariya, Akimoto ɗin nan shi ya rubuta wa Hibari waƙar kogin.

Na Johnny's kuwa akwai abin da ya fi wannan. Bayan rahoton BBC na Maris 2023, kamfanin ya amsa a Satumbar shekarar cewa wanda ya kafa shi, Johnny Kitagawa, da ya mutu a 2019, ya yi shekaru yana lalata da yaran da ke hannunsa, har suka sauya suna. Mawaƙan ba su da laifi, wasunsu ma su aka zalunta. Duk da haka ban ga waƙar da jerin zai rasa in babu su ba, na wuce.

1 ga Yuni

Jerin ya rabu gida uku bisa ga mai sauraro, na daina bin shekaru. Mai son murya da karya ta zai fara da "Nada Sōsō", sai Kyu Sakamoto, sai "Lemon", sai Hibari. Mai son kiɗan motsa jiki zai fara da Matsubara, sai Tomoko Aran, sai Fujii Kaze, matashin ƙauyen Okayama da ya fara da ɗora bidiyon fiyano a YouTube tun yana yaro. "Matsuri" tasa ta 2022 na zaɓa. Ɗan katun zai fara da Naruto, ya bi ta "Gurenge" ta LiSA, ya faɗa King Gnu da "Hakujitsu", daga nan a miƙa masa The Blue Hearts.

Ga wanda ya nace sai ya ga mawaƙi da idonsa, tashar THE FIRST TAKE a YouTube ta warware mini matsalar bidiyo. Farin ɗaki ne da makirfo, ɗauka ɗaya ba gyara, ba rawa ba ado.

Saura ƙungiyoyin rock na mata, tun daga Shonen Knife ta Osaka da ta yi rangadi da Nirvana a 1991, zuwa Band-Maid, sai Sheena Ringo, wadda har yanzu ban samo waƙarta da yayata za ta jure ba. Bayanin ma'ana na rukunin city pop bai kammala ba. Abokina ya karɓi gida na biyu zai gwada a shago har zuwa bayan Babbar Sallah, kuma na roƙe shi ya riƙa lura da waɗanda ake cewa a goge, ba waɗanda ake yabo kaɗai ba.